Ayarin Masu Keke a Ƙasar Duwatsu

 

An nemi in yi magana a nan Kafanchan a kan doguwar tafiya bisa keken hawan dutse, irin wadda ake yi cikin jama'a, kuma na sani a cikin dattawan da ke zaune akwai waɗanda, da suka ji sunan laccar, suka ce a ransu, ashe har keke ya kai a tara mutane a kafa masa kujeru, alhali kuwa su da kansu sun yi shekaru suna ɗora masa buhun citta daga ƙauyukan Jaba zuwa kasuwa, ba su taɓa jin wani ya kira wannan ilmi ba. Ina tare da su a rabin maganar. Mutumin wannan ƙasa ya riga Bature hawan dutse da keke, domin tun zamanin da keken Rali ke zuwa daga garin Nottingham na Ingila, da birkinsa na sandar ƙarfe da giyarsa guda ɗaya tak, malamin makaranta da mai wa'azi da malamin asibiti da ɗan kasuwa sun keta waɗannan hanyoyi na burji da jar ƙasa, inda hanya ta miƙe su tuƙa, inda ta hau su sauka su tura, inda rafi ya cika su saɓa shi a kafaɗa. Abin da ya zo sabo abu biyu ne: keken da aka ƙera musamman domin irin wannan ƙasa, da kuma fita tafiya ba don wata buƙata ta ciniki ko aike ba, sai don tafiyar kanta. Na farkon ba shi da wuyar bayani. Na biyun shi ne ke buƙatar ladabi da tsari, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Game da keken, ga tarihinsa a taƙaice. Siffar keken da muka sani, mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa a baya, ta fito daga hannun John Kemp Starley a garin Coventry cikin 1885, kuma bayan shekara uku Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska. Aka yi kusan shekara casa'in a haka, sa'an nan a shekarun 1970 waɗansu samari a yankin Marin na jihar Kalifoniya ta Amurka suka riƙa tattara tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga dutsen Tamalpais, har suka fara gasa a kan haka cikin 1976. Da suka ga kekunan na karyewa a ƙarƙashinsu, sai ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera firam na musamman a 1977, kamfanin Specialized kuma ya fitar da samfurin Stumpjumper kasuwa a 1981, wasan ya yi ta bunƙasa har aka shigar da shi Olamfik a Atlanta cikin 1996. To, me ya bambanta shi da Ralin kakanninmu? Tayarsa ta fi inci biyu kauri kuma tana da haƙora masu kama ƙasa. Gabansa yana da shokozoba mai shanye duka. Birkinsa a galibi na faifai ne, wanda taɓo ba ya hana shi kamawa. Amma babban sirrinsa yana cikin giya. A tsohon keke, in ka juya feda sau ɗaya, tayar baya takan juya kimanin sau biyu da rabi, ko kana kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ko kana fuskantar dutse, ba ruwansa. A wannan kuwa, in ka sa sarƙa a kan ƙaramin faifan gaba mai haƙora 22 da babban na baya mai 34, sai ka juya feda sau uku kafin taya ta cika juyi biyu, watau an rarraba maka nauyin hawan ƙanana ƙanana yadda ƙafa za ta iya ɗauka. Dutsen bai rage tsawo ba, illa iyaka an ba ka damar biyan bashinsa da kaɗan kaɗan.

Ita kuwa ƙasar da za ku hau, ban san wata a Arewa da ta fi ta dacewa da wannan keke ba. Kafanchan tana zaune a gindin tsaunukan Filato, bisa tudu na mita 700 da 'yan kai, Jos kuma ta haura mita 1,200, saboda haka duk wanda ya fuskanci gabas, ko ta Kagoro da Manchok ya nufi Ganawuri da Vom, ko ta Gidan Waya ya bi Hawan Kibo zuwa Riyom, ya sani akwai hawa na kimanin mita 500 da ke jiransa, ban da ƙananan hawa da gangara waɗanda ba a lissafa su. Injiniyoyin reluwe sun san wannan sarai lokacin da layin dogo daga Fatakwal ya iso nan a 1927, ya rabu biyu, reshe ɗaya ya wuce Kaduna, ɗaya ya hau Jos domin ɗauko kuza. Wannan mahaɗa ce ta mai da ƙauyen Fantswam gari, har Sarkin Jama'a ya baro Jama'a Sarari ya dawo nan da zama a 1933. Amma jirgi, ko a zamanin da yake kan ganiyarsa, layi ɗaya yake bi, abin da ke gefen taga kaɗai yake nuna wa fasinja. Mota kuma gaggawa ta hana ta nuna komai. Mai keke ne yake iya fita bayan sallar asuba, ya tsaya a Matsirga kusa da Madakiya ya ga ruwa na zubowa daga kan dutse, ya wuce Zonkwa ya karya kumallo, ya isa Samarun Kataf da Zango kafin rana ta take. Ko ya juya yamma ya bi ta Kwoi, cikin gonakin citta, ya kai ƙauyen Nok, wanda sunansa ya zaga duniya saboda gumakan yumɓu da masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928. Kuma tun da na ambaci Nok, bari in ɗan ratse: shahararren kan yumɓun nan da ya buɗe idon masani Bernard Fagg a 1943, a nan ƙasar Jama'a aka tono shi, kuma kafin ya kai hannun masana sai da ya yi aikin korar tsuntsaye da dabbobi a gonar doya, a kafe bisa sanda. Kan da aka gina shekaru fiye da dubu biyu da suka shige! In kun bi ta gonakin nan, ku riƙa duba abin da manomi ya kafa.

Yanzu sai mu zo ga mas'alar jama'a. Mutum ɗaya a kan keke ba ya buƙatar doka, in ya gaji ya tsaya, in ya ji ƙarfi ya ƙara wuta. Amma da zarar an kai mutum goma, waɗansu 'yan shekara ashirin, waɗansu sun ba arba'in baya, wani kekensa sabo ne daga kwali, wani kuma na gwanjo ne da aka haɗa da waya, to an sami al'umma ƙarama, kuma kowace al'umma, in ba a yi mata nizami ba, mai ƙarfi ne zai kafa mata nasa. Yadda abin yake faruwa kuwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ana tashi tare cikin raha, a yi awa guda ana hira. Da an fara hawan farko, sai samari uku ko huɗu su miƙe tsaye a kan feda, kowa na son a ce shi ya fara kai ƙololuwa. Na tsakiya su yi ƙoƙarin bin su, su ƙone ƙarfin da ya kamata su adana domin la'asar. Na baya kuma, wanda tun farko numfashinsa ya fara sama sama, ya ɗaga kai ya ga babu kowa a gabansa sai ƙura. Waɗanda suka riga isa sama sukan ce ai sun jira shi, kuma gaskiya ne sun jira, sun zauna a inuwar ɗorawa sun sha ruwa sun huta minti goma sha biyar; amma da ya iso, gumi na zuba daga haɓarsa, ƙafarsa na rawa kafin ma ya sauke ta ƙasa, sai su ce, to madalla, mu tafi. Watau mai ƙarfi ya huta, mai rauni bai huta ba, kuma a kowane hawa tazarar sai ta ƙaru, har a kai inda zai ce shi ya haƙura, a bar shi a bakin hanya ya jira motar kasuwa. Wannan, a ra'ayina, zalunci ne, ko da yake waɗanda suka yi shi ba su nufa ba, kuma shi ne abin da ya fi kashe ƙungiyoyin masu keke, fiye da tsadar taya da lalacewar hanya.

Kakanninmu fatake sun warware wannan tun kafin a ƙera keke. Ayarin goro da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja yakan yi watanni a hanya, da jakuna da 'yan alaro da mata da yara, kuma waɗanda suka bi hanyar kudu sukan yada zango a wurare irin su Zangon Kataf. Ba su kuwa tafiya kara zube. Akwai jagaba a gaba, wanda ya san hanya da mashigin rafi da inda ake tsoro. Akwai uban dawaki mai kula da kuɗin fito da abin da za a biya masu ƙasa. Shi kuwa madugu, uban tafiya, bisa ga abin da aka ruwaito, a baya yake tafiya, shi ne na ƙarshen barin zango, domin idonsa ya kasance a kan wanda jakinsa ya durƙusa da wanda ƙaya ta soka. Wannan tsari yana da asali a cikin addini. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ja baya a cikin tafiya domin ya kora mai rauni gaba, ya goya wanda ya gaza a bayan abin hawansa, ya yi musu addu'a. A littafin nan dai aka ruwaito umarnin cewa in mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. 'Yan'uwanmu Kirista kuma sun san labarin da ke cikin Littafin Farawa, sura ta 33, inda Yakubu ya ƙi bin saurin ɗan'uwansa Isuwa, ya zaɓi ya bi sannu gwargwadon ƙafar yara da dabbobi masu shayarwa. Hatta Turawan da suka mai da abin gasa sun gane haka: a tseren Cape Epic na Afirka ta Kudu, wanda aka fara a 2004, ana shiga ne bibbiyu, a yi kwana takwas a duwatsu, kuma in ɗaya ya tsere wa abokinsa da fiye da minti biyu, hukunci ake yi musu duka, lokacin na baya ne kuma ake rubutawa.

Saboda haka ga shawarata, kuma ba na jin zan janye ta ko samari sun yi gunaguni. Wanda ya fi kowa ƙarfi da sanin gyara, shi za a ba baya, da famfo da sifana da kayan faci a jakarsa, kuma haramun ne a gare shi ya wuce kowa. Wanda ya san hanya ya shiga gaba, da sharaɗin ba zai ɓace wa idon na bayansa ba, kuma a kowace mararraba zai tsaya sai an cika. Hutu kuwa ba ya farawa sai na ƙarshe ya iso. Daga sa'ad da ya sa ƙafa ƙasa ake fara ƙirga shi. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, musamman in iskar hunturu na bugowa daga arewa maso gabas, mai rauni ya laɓe a bayan mai ƙarfi, taya kusa da taya, domin wanda ke gaba shi ke tsaga iska, na bayansa kuma yana iya samun sauƙin da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na wahalar. Amma a gangara sai a warwatsu, a bar tazara mai yawa, kowa ya ja jikinsa baya a kan sirdi, ya riƙa taɓa birki biyu tare a hankali, kada ya damƙe na gaba shi kaɗai a kan tsakuwa, don wanda ya yi haka ta saman kan keke zai sauka. Hular kwano kuma ba ado ba ce, wanda ba shi da ita ya zauna gida.

Akwai wata fa'ida ta tafiyar jama'a da ba a ganinta sai taya ta yi faci, kuma a ƙasar da ke da ƙaya da tsinin dutse, za ta yi. Ku dubi yadda ayari mai tarbiyya ke yi. Na baya ya yi kira, kiran ya bi baki baki har gaba, kowa ya tsaya. A kifar da keken bisa sirdi da kai, a zare taya, ɗaya ya ɓamɓare bakinta ya jawo tub, ya ɗan hura masa iska ya kai shi kusa da leɓensa yana juyawa, domin leɓe ya fi yatsa jin iskar da ke tsiyaya. Wani kuma, a lokacin nan, yana shafa cikin tayar da yatsunsa sannu sannu yana neman ƙayar da ta yi ɓarnar, gama wanda ya manta da wannan zai sake zama bayan taku ɗari. A goge wurin da 'yar takarda mai kaushi, a shafa sholisho, sa'an nan a yi abin da ya fi wuya ga mai gaggawa, watau a jira ya bushe har ya daina kama yatsa kafin a manna facin. Kafin a gama, yaran ƙauyen sun kewaye ku, wata tsohuwa ta aiko da ruwa a kwano, wani dattijo ya tambayi daga ina, zuwa ina, 'ya'yan wane ne. Sau da yawa abin da matafiyi ke tunawa bayan shekaru shi ne wannan rabin sa'a.

Wannan ya kawo ni ga haƙƙin masu ƙasa, wanda a nan kudancin Kaduna ya fi nauyi bisa ga sauran wurare. A cikin yini guda mai keke yana iya ratsa ƙasar Fantswam da ta Kagoro da ta Bajju da ta Atyap, ko ta Ham, ya wuce rugar Fulani da unguwar Hausawa, kowace da harshenta da sarautarta, ga Agwam Bajju, ga Agwatyap, ga Kpop Ham, ga Sarkin Jama'a. Ba kuwa za mu yi wa juna ƙarya ba a wannan zaure: ƙasar nan ta ga fitina, a nan garin cikin 1987, a Zangon Kataf cikin 1992, da bayan zaɓen 2011, da hare-haren da suka biyo baya a ƙauyuka, kuma mutanen da suka ga irin wannan suna da hujja in suka tsargu da baƙi goma sha biyar da suka ɓullo daga daji da huluna da baƙin tabarau. Don haka wajibi ne a aika tun kafin ranar a sanar da mai unguwa ko dagaci, a tambayi mutanen wurin wace hanya ce lafiya a wannan mako, a karɓi maganarsu ko ta saɓa wa taswirar da ke cikin waya. In an shigo gari a cire tabarau, a rage gudu, a yi gaisuwa, a kira kowace al'umma da sunan da ta zaɓar wa kanta. Kada a bi ta kan cittar da aka shanya a gefen hanya, domin wannan shanya ita ce kuɗin makarantar 'ya'yan wani, balle ma bayan annobar da ta cinye gonakin citta a 2023. Kada kuma magariba ta riski kowa a daji. Ni dai ina ganin ayarin da ya haɗa Musa da Bitrus da Ladi da Hauwa, wanda ke tsayawa a jira masu salla su idar, ranar Lahadi kuma ya ɗaga tashi sai an taso daga sujada, ya fi samun buɗaɗɗiyar ƙofa a kowane ƙauye bisa ga wanda duk jama'arsa ɓangare ɗaya ne, gama duk inda aka sauka akwai mai jin harshen wurin.

Ga Musulmin cikinku akwai sauƙin da shari'a ta yi: a mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake cikin Risala, tafiyar da ta kai baridi huɗu, watau mil 48, kimanin kilomita 80 ke nan, ana yin ƙasaru a cikinta, saboda haka wanda ya nufi Jos daga nan ya shiga hukuncin matafiyi, wanda ya je Kagoro ya dawo kuwa bai shiga ba, komai yawan gumin da ya yi. Guzuri kuma kada a raina shi. Jiki yana da ɗan rumbun ƙarfi wanda aiki mai tsanani ke ƙarar da shi cikin kamar awa biyu, kuma in ya ƙare, sai ka ga jarumi ya zauna a ƙasa, idonsa ya yi fari, ba ya iya ko amsa sallama. Maganin abin shi ne a ci tun ba a ji yunwa ba, a sha tun ba a ji ƙishirwa ba, dabino, ayaba, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ƙosan bakin hanya, kunu in an samu. Wanda zafi ya galabaitar, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari irin na asibiti, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Kuɗin guzuri da na gyara a tara su hannun mutum ɗaya tun kafin a tashi, kowa ya ba da gwargwadon ikonsa, don kada wani ya ji kunyar cewa aljihunsa ya ƙare a tsakiyar hanya.

Saura lokaci. Damina a nan tana da tsawo, daga Afrilu har Oktoba, kuma a tsakiyarta jar ƙasar nan takan zama taɓo mai manne wa taya har ta ƙi juyawa, rafukan da ake tsallakewa da rani kuma su zama koguna cikin awa guda. Bazara kuwa, Maris da farkon Afrilu, zafinta ya isa ya kwantar da mai lafiya. Abin da ya rage shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da ƙasa ta bushe, ciyawa ta kwanta, safiya ke da sanyi, sai dai a sa ƙyalle a hanci saboda ƙura, a kuma riƙa goge sarƙa ana ɗiga mata mai kowace yamma. Masu sha'awar ganin bikin Afan na Kagoro, wanda ake yi ranar 1 ga Janairu, su sani hanyar takan cika da motoci da babura tun da hantsi, don haka ko su tashi da duku-duku, ko su ajiye kekunan su tafi da ƙafa. Ga sababbin shiga kuma, kada tafiyarsu ta fari ta zama Hawan Kibo. A fara da Matsirga a dawo, mako na gaba a kai Kagoro, sa'an nan Zonkwa, sa'an nan Kwoi, har ƙafa da mazauni su saba, kafin a yi zancen Filato.

Shugaban wannan zama, na ga ka duba agogo sau biyu, kuma na hangi waɗansu samari a baya waɗanda maganar ba mai ƙarfi baya ba ta yi musu daɗi ba, to ga fili, su taso da hujjarsu.